Wanda Ya Tuɓe Riga a Hutun Rabin Lokaci

Ranar Lahadi 16 ga Satumba 2018, ƙungiyar Buffalo Bills tana wasa a gidanta da Los Angeles Chargers. Aka tafi hutun rabin lokaci ana cin Bills 28 da 6. 'Yan wasa suka shige ɗakin canza kaya, koci ya yi faɗan da zai yi, aka dawo fili. Mutum ɗaya bai dawo ba. Vontae Davis, ɗan shekara 30, ya tuɓe rigar wasa, ya ajiye hular kwanonsa, ya sa kayan gida ya kama hanya. Kafin a kwanta ya fitar da sanarwa cewa shi da ƙwallo sun yi hannun riga. Ya ce yana tsaye cikin fili gaskiya ta faɗo masa, cewa bai kamata a ce har yanzu yana wurin ba. Ya ce an sha yi masa tiyata, ya sha yin wasa da ciwo, kuma gara ya fita da ƙafafunsa lafiya da ya riƙe taurin kan jarumta har sai ya fita yana ɗingishi bayan lokaci ya ƙure.

Amurka ta yi masa ca. Abokin wasansa Lorenzo Alexander ya gaya wa 'yan jarida cewa tun yana yaro yake wannan wasa bai taɓa ganin irin haka ba, kuma raini ne ga sauran 'yan ƙungiya. Masu sharhi a talabijin suka samu abin taunawa na mako guda. Sunansa ya zama abin barkwanci: duk wanda ya gaji da aiki da azahar sai ya ce yau zai yi irin ta Vontae. Har a guruf ɗinmu na WhatsApp an tura, an yi dariya, har da waɗanda ba su san dokar wasan ko ɗaya ba. Rago, in ji wasu. Ya ci kuɗin mutane ya gudu, in ji wasu.

To ni na ce mutumin nan daidai ya yi. Kuma ke uwa, kai uba, da kuke da yaro a sakandare a Bronx ko Houston ko Columbus, yana dawowa gida da yamma da hular kwano a hannu, ku kuka fi kowa buƙatar jin dalilina. Ni nas ce. Na daɗe ina karɓar 'ya'yan mutane a sashen gaggawa ranakun Juma'a da daddare, lokacin da makarantu ke wasa. Abin da nake so shi ne ranar da jikin ɗanku ya ce masa tsaya, ya zama yana da ƙarfin halin da Vontae ya nuna, ku kuma kuna da hankalin da za ku tsaya a bayansa.

Bari mu fara da aikin da yake yi a fili, don da yawanmu in an ce ƙwallo hankalinmu Kano Pillars yake tafiya, ko Asante Kotoko, ko Arsenal. Wannan wani abu ne daban. A ƙwallon Amurka akwai mai jifa, akwai masu gudu su cafke abin da ya jefo. Vontae mai tsaron gefe ne, wato shi ake bai wa mai cafkewar da ya fi kowa gudu a ce masa kada ka bari ya taɓa ƙwallo. Shi mai cafkewa ya san inda za shi, an tsara masa tun a ɗaki. Mai tsaron gefe bai sani ba. Da baya da baya yake fara gudu, idonsa a ƙugun abokin karawarsa, sai wancan ya karya kwana shi ma ya murɗa jikinsa ya bi shi cikin ƙiftawar ido. Waɗannan mutane suna cinye yadi 40 cikin daƙiƙa huɗu da rabi ko ƙasa da haka. In ya yi jinkirin taku ɗaya, an ci ƙungiyarsa, kuma duk duniya ta ga ta wajensa aka bi. In kuma aka miƙa wa wani ƙato ƙwallo ya taho a guje, shi da bai kai kilo 100 ba dole ya tare shi da kafaɗa da kai. Gwiwa, agara, matsematsi, wuya, ƙwaƙwalwa: kowanne da harajin da yake biya. Shi ya sa a wannan gurbi ɗan shekara 30 dattijo ne.

An haifi Vontae a Washington ranar 27 ga Mayu 1988. Iyayensa sun faɗa shaye-shaye, kakarsu ce ta tattara shi da 'yan'uwansa ta riƙe. Yayansa Vernon Davis ya riga shi shiga NFL, babbar gasar ƙwallon Amurka, a 2006. Shi kuma ya yi sakandaren Dunbar, ya wuce Jami'ar Illinois, a 2009 Miami Dolphins ta ɗauke shi, shi ne na 25 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Duba wannan hanya da kyau. Yaron da ya tashi a irin wannan gida ya kai inda miliyoyi ke mafarki ba su kai ba, ya kuma yi kaka goma a gurbin da ke cinye mutum cikin uku ko huɗu. Wai shi ne rago. Haba jama'a.

Yanzu ga maganar amana, tunda ita aka fi yi masa gori da ita. A watan Agusta 2012, ana dab da fara kakar wasa, manajan Dolphins Jeff Ireland ya kira shi ofis ya gaya masa an yi musayarsa, ya koma Indianapolis Colts. Ba a ɓoye aka yi ba, kyamarorin shirin Hard Knocks na HBO suna ɗauka, duk ƙasa ta kalla. Abin da ya fara fitowa daga bakin saurayin nan shi ne yana so ya kira kakarsa. Babu wanda ya nemi shawararsa, babu wanda ya ba shi wa'adi. Shekara uku yana karo da mutane saboda su, cikin 'yan mintoci aka sallame shi. Ranar ba wanda ya ce Dolphins ta yi rashin mutunci. Sai aka ce ai kasuwanci ne.

A Indianapolis tauraronsa ya haska. A 2014 suka ba shi kwantiragin shekara huɗu na sama da dala miliyan 35. A 2014 da 2015 aka zaɓe shi cikin gwanayen da ke zuwa wasan Pro Bowl. Sai jiki ya fara magana. A 2017 ya ji ciwo a matsematsi, ya dawo yana ta maneji, wasansa ya ja baya. Ya je ya nemi ra'ayin wani likita, aka ce masa sai an yi aiki. A watan Nuwamba, tsakiyar kakar wasa, Colts ta sallame shi. Kun ji fa: tsakiyar kakar wasa. Ƙungiya tana da damar ta bar mutum a tsakiya ranar da jikinsa ya daina yi mata amfani, a kira shi kasuwanci. Shi kuma ranar da ya bar ƙungiya a tsakiya don ya tsira da sauran jikinsa, sai a kira shi cin amana. Wannan wace irin amana ce mai tafiya hanya ɗaya? Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Na san abin da za ka ce, Alhaji. Za ka ce to ya bari a tashi mana, minti 30 ne kawai suka rage, ya daure ya gama sannan ya yi sanarwarsa cikin mutunci. Maganarka tana da nauyi, don abokan wasansa sun ji zafi, kuma zafinsu na gaske ne. Amma ka tambayi duk wanda ya taɓa yin aiki mai haɗari. Direban tirela da ya ji barci ya kama idonsa a kan hanya, wanne ya fi, ya faka a gefe ko ya daure ya kai gari? Mu a asibiti, nas ɗin da ta ji hannunta na rawa, hankalinta ya bar jikinta, abin da ake so ta yi shi ne ta faɗa a canje ta kafin ta ba wani maganin da ba nasa ba. Mai tsaron gefen da zuciyarsa ta riga ta fita daga wasa, ƙafarsa ta ƙi bin umarninsa, haɗari ne ga kansa, kuma kafa ce a bangon ƙungiyarsa. Minti 30 ɗin da kake rainawa, a cikin daƙiƙa ɗaya daga cikinsu wuya ke karyewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

In kana son ganin abin da ke jiran waɗanda suka daure, ba sai ka bar gurbin Vontae ba. Irv Cross mai tsaron gefe ne a Philadelphia Eagles da Los Angeles Rams daga 1961 zuwa 1969. Saboda yawan buguwar da yake yi a ka, abokan wasansa suka laƙa masa sunan da ke nufin mai kan takarda, ana raha. Bayan ya bar wasa ya yi suna a talabijin, a shirin The NFL Today na CBS, a zamanin da baƙar fata ba ya samun irin wannan kujera. Mutum mai ilimi, mai iya magana. A ƙarshen rayuwarsa mantuwa ta cinye shi, ga baƙin ciki, ga sauyin hali, har ya janye daga mutane. Ya rasu a Fabrairu 2021 yana da shekara 81. Da masu bincike na Jami'ar Boston suka duba ƙwaƙwalwarsa, suka samu cutar CTE a mataki na huɗu, wato na ƙarshe.

Sai Phillip Adams, shi ma mai tsaron gefe. Shi bai yi suna ba, bai tara kuɗi irin na Vontae ba. An ɗauke shi a zagaye na bakwai a 2010, ya yi kaka shida yana yawo tsakanin ƙungiyoyi shida. A 2012, yana Oakland Raiders, ya bugu a ka sau biyu cikin wasa uku. Ranar 7 ga Afrilu 2021, a garin Rock Hill na jihar South Carolina, ya harbe mutum shida: wani likita, matarsa, jikokinsu biyu, da ma'aikata biyu da suka zo aiki a gidan. Daga baya ya kashe kansa. Shekararsa 32. Dokta Ann McKee ta Jami'ar Boston ta duba ƙwaƙwalwarsa ta samu CTE a mataki na biyu, mai tsanani fiye da yadda aka saba gani a ɓangaren goshi, wajen da ke riƙe da linzamin fushi da yanke shawara. Ku fahimce ni, cuta ba ta wanke jinin mutum shida, kuma mafi yawan masu wannan cuta ba su taɓa kowa ba. Amma wanda ya daure ɗin ke nan, wanda bai taɓa tuɓe riga a tsakiyar wasa ba. Wa ya tafa masa a ƙarshe?

Ita wannan CTE lalacewar ƙwaƙwalwa ce da ke biyo bayan bugu a kai a kai. Wani furotin da ake kira tau yana taruwa a kewayen ƙananan jijiyoyin jini, yana yaɗuwa a hankali shekara da shekaru. Ba a iya tabbatar da ita sai bayan mutum ya mutu an buɗe kansa. Wanda ya fara gano ta a ɗan wasan NFL ɗan Najeriya ne, Dokta Bennet Omalu, mutumin Anambra da ya yi karatu a Jami'ar Nsukka. A 2002 a Pittsburgh aka kawo masa gawar Mike Webster, tsohon gwarzon Steelers da ya mutu yana da shekara 50 bayan ya yi shekaru hankalinsa ba daidai ba. A 2005 ya wallafa abin da ya gani. Me NFL ta yi? Likitocin kwamitinta suka rubuta wasiƙa suna neman a janye rubutun. Sai a watan Maris 2016 wani babban jami'inta, Jeff Miller, ya amsa a gaban 'yan majalisa cewa eh, akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar. Shekara goma sha ɗaya ana musu, yara kuma suna ta gwara kawuna.

A 2017 McKee da abokan aikinta suka fitar da sakamakon ƙwaƙwalen tsofaffin 'yan NFL 111. An samu cutar a 110. A 2023 lissafin ya kai 345 cikin 376. Waɗannan ƙwaƙwale iyalai ne suka bayar, akasari don sun ga alamun matsala tun mutumin yana raye, saboda haka lissafin ba ya nufin kashi 90 cikin 100 na duk 'yan wasa suna da ita. Amma ko ka raba shi biyu, ka sake rabawa, ka kuma rabawa, wane aiki ne za ka tura ɗanka da irin wannan ƙiyasi? A 2023 ɗin dai suka duba 'yan wasa 152 da suka mutu ba su kai shekara 30 ba, 63 suna da ita, kuma mafi yawansu ba su taɓa karɓar albashin wasa ba. A makaranta suka yi nasu suka gama.

Ga wani abu da ya kamata ya tsaya wa kowane baƙar fata a maƙogwaro. Sama da tsofaffin 'yan wasa 4,500 suka kai NFL ƙara, aka yi sulhu za a riƙa biyan waɗanda ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Wajen gwajin wa ya cancanta, sai aka riƙa amfani da ma'aunin da ya ɗauka cewa baƙar fata tun asali kaifin ƙwaƙwalwarsa bai kai na bature ba. Ma'ana sai ya fi bature lalacewa kafin a yarda ya lalace. Sai da Kevin Henry da Najeh Davenport suka shigar da ƙara a 2020, sannan a 2021 NFL ta yarda ta daina. A gasar da fiye da rabin 'yan wasanta baƙaƙe ne. Waɗannan su ne mutanen da ake cewa Vontae ya ci amanarsu.

Za ku ce ai an biya shi, miliyoyi ya kwasa. Gaskiya ne, kuma kuɗin ne ma suka ba shi bakin cewa ya isa. Sai dai kada hasken miliyoyinsa ya kashe muku ido. Sama da yara miliyan ɗaya ke buga wannan wasa a sakandaren Amurka. Kaɗan ne ke samun gurbi a ƙungiyar jami'a, cikinsu ma da yawa ba su da tallafin karatu cikakke. A cikin 'yan wasan jami'a, ƙasa da biyu cikin ɗari NFL ke ɗauka. Duk shekara mutum wajen 260 ne. Wanda ya shiga kuma, ƙiyasin da ƙungiyar 'yan wasan ke bayarwa shi ne shekara uku da 'yan watanni. Yawancin kwantiragi ba a lamunce su gaba ɗaya ba, ranar da aka sallame ka sauran kuɗin sun tafi. Inshorar lafiya ta shekara biyar ce bayan ka bar wasa, ita ma sai ka cika kaka uku. Cutar ƙwaƙwalwa kuwa ba ta gaggawa, sau da yawa sai inshorar ta daɗe da ƙarewa take sallama. Wato yara miliyan ne ke shan bugun, 'yan ɗaruruwa ne ke ganin kuɗin.

Na san dalilin da ya sa muke rufe ido. Kuɗin jami'a a ƙasar nan ya fi ƙarfin mai tuƙin Uber da mai aikin kula da tsofaffi. Ga na gida suna jiran a turo. Koci ya kira ka ya ce ɗanka yana da gudu, za a iya samun sikolashif, sai ka ji kamar an sauke maka dutse. Yaro ya kawo takarda shafi shida, kin dawo daga aikin dare idonki na rufewa, ki sa hannu. A cikin takardar nan akwai shafin da ya yi bayanin buguwar ƙwaƙwalwa, akwai inda kika amince kin san haɗarin. Wallahi da yawanmu ba mu karanta ba. Da yawanmu ba mu taɓa zuwa kallon wasa ɗaya ba, mu ji da kunnenmu ƙarar da hula ke yi in ta haɗu da hula.

Akwai wani dare da aka kawo mana yaro ɗan shekara 16, ɗan mutanenmu na Afirka ta Yamma. Tun ranar Talata ya bugu a wajen atisaye, bai gaya wa kowa ba. Ranar Juma'a ya sake shiga wasa, ya sake buguwa, ya dawo gida yana amai. Na tambaye shi me ya hana shi faɗa tun Talata. Ya dubi babansa, ya sunkuyar da kai, ya ce kada a ce yana da raki. Uban yana tsaye, mutumin kirki, hawaye cike da idonsa. Shi bai taɓa ce wa ɗansa ya ɓoye ciwon kai ba. Abin da ya ce masa tun yana ƙarami shi ne namiji ba ya kuka, namiji ba ya raki, tashi ka karkaɗe jikinka. Koci ya zo ya ɗora nasa a kai. Yaro ya haɗa biyun ya fitar da amsa.

Wannan ita ce gaɓar da nake faɗa da mu kanmu. Mun zo da haƙuri da juriya daga gida, su suka riƙe mu a ƙasar sanyi, su suka sa muke haɗa aiki biyu ba mu fasa ba. Amma haƙuri yana da muhallinsa. Tsoka in ta sha wuya tana ƙara ƙarfi. Ƙashi in ya karye yana ɗoruwa. Ƙwaƙwalwa ba ta koyon juriya, bugu na biyu ya fi na farko ɓarna, musamman in na farkon bai warke ba. A 2006 wani yaro ɗan shekara 13 a jihar Washington, Zackery Lystedt, ya bugu a ka, aka mayar da shi wasa, ya faɗi a ƙarshen wasan, ya tashi da nakasar da ta canza rayuwarsa. A 2009 jihar ta yi doka da sunansa, yanzu duk jihohi 50 suna da irinta. Galibinsu cewa suke in ana zargin yaro ya bugu a cire shi nan take, kuma ba zai koma ba sai ma'aikacin lafiya ya ba da izini. Dokar tana bayanki, Hajiya. Koci bai isa ya tsallake ta ba.

Ku riƙe waɗannan. Ba sai yaro ya suma ba kafin a ce ya bugu. Mafi yawan masu buguwa ba sa suma. Hoton kai da ake ɗauka a asibiti zub da jini yake nema, in ya fito lafiya ba ya nufin ƙwaƙwalwa ba ta girgiza ba. Hular kwano tana hana ƙoƙon kai fashewa, amma ba ta hana ƙwaƙwalwa kaɗawa a ciki, kamar ƙwai ne a cikin gwangwani. In kin ga ciwon kai, jiri, tashin zuciya, gudun haske, yawan barci ko rashinsa, fushi ba dalili, ko karatu ya fara gagara, a kai shi ga likita, kuma babu wasa. In kuwa amai ya ƙi tsayawa, ciwon kai na ƙaruwa, magana ta sarƙe, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, hannu ko ƙafa ya saki, ya yi farfaɗiya, ko ya gagara tashi daga barci, kada ki tsaya shafa man zafi ko kiran yayarki a Kumasi. Kira 911.

Ƙananan yara kuwa, ni a ganina ba su da abin yi a wasan karo. Akwai nau'in da ake ɗaura ƙyalle a ƙugu, in an fizge shi an tsayar da kai, ba kayarwa. Hukumar CDC ta auna yara 'yan shekara 6 zuwa 14, ta samu masu wasan karo suna shan bugu a ka ninki 15 na masu wasan ƙyalle. Kuma wasan ƙyallen nan za a buga shi a gasar Olympics ta Los Angeles a 2028, saboda haka ba wanda zai ce masa wasan yara. Omalu ma ya fi ni tsanani, shi a 2015 cewa ya yi a bar yara sai sun kai shekara 18 su zaɓa da kansu. In ɗanka ya girma ya dage sai ya yi, to ku zauna ku yi sharaɗi. Karatu ne gaba. Nnamdi Asomugha, ɗan iyayen Najeriya, ɗaya daga cikin gwanayen masu tsaron gefe na zamaninsa, ya riƙe digirinsa na Berkeley, ya ajiye wasa a 2013 yana da shekara 32, yau yana shirya fina-finai. Sharaɗi na biyu: duk ranar da ya bugu zai faɗa, kuma ba wanda zai kira shi rago a gidan nan. Na uku: ranar da ya ce ya gaji, ko a tsakiyar kaka ne, ko sikolashif na kan hanya, ƙofa a buɗe take.

Kada ku jira 'yan kallo su koya wa 'ya'yanku darajar jikinsu. A watan Agusta 2019 Andrew Luck, mai jifan Colts da suka yi shekaru tare da Vontae, ya bar wasa yana da shekara 29 saboda ciwo ya ishe shi. Mutanen da suka yi shekaru suna sayen rigarsa su suka yi masa ihu yana fita daga fili. Ɗan kallo ya biya kuɗin tikiti, nishaɗinsa yake nema. Ranar da tsohon ɗan wasa ya kasa tuna sunan 'yarsa, ɗan kallo yana can yana tafa wa wani sabo. Matarsa ce za ta yi jinya, da uwarsa in tana raye, da irinmu da ke canza masa zanen gado.

Vontae Davis ya rasu ranar 1 ga Afrilu 2024 a gidansa da ke Florida, yana da shekara 35. 'Yan sanda sun ce babu alamar wani ya taɓa shi. Na ji masu cewa to me gudun ya tsinana masa. Wannan magana ce ta wanda bai taɓa zama kusa da gadon mara lafiya ba. Ajali ba a hannun kowa yake ba. Abin da ke hannun mutum shi ne yadda zai yi da amanar jikinsa kafin ya zo. Shekara biyar da rabi ya samu bayan ranar nan ta Buffalo, yana tafiya da ƙafafunsa, ya buɗe wurin kula da lafiyar jiki a Fort Lauderdale, aka fitar da littafin yara kan tasowarsa. Waɗannan shekaru nasa ne, shi ya ƙwato su da hannunsa, duk ƙasa tana masa dariya.

Yau in yaron ya shigo da jakar wasansa, kada ki fara da tambayar wa ya ci. Ki zaunar da shi ki dubi idonsa. Ki tambaye shi ko kansa na ciwo, ko ya taɓa ganin taurari bayan karo, ko akwai abin da ya ɓoye wa koci. Kai kuma Malam, ka gaya masa da bakinka, don naka yake jira, cewa in ya faɗa ba zai ragu a idonka ba. Sannan ku nemo takardar nan da kuka sa wa hannu, ku karanta ta tare daga shafin farko.